Kafin a Ce Ba Ma Karatu, a Zo a Ga Ajinmu da Ƙarfe Ɗaya na Rana

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah a ɗan sam min fili a jaridar nan taku. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a cikin garin Gombe, kuma da wayar Hammana nake rubuta wannan wasiƙar, in an ga kuskure a yi min afuwa.

Abin da ya sa na kasa yin shiru, ranar Asabar ina tankaɗe a tsakar gida Baffa ya kunna rediyo ana irin shirin nan da mutane ke bugo waya, wai me ya sa ɗalibai suke faɗuwa jarabawa. Wallahi duk wanda ya kira bakinsu ɗaya, yaran yanzu ba sa karatu, waya ta lalata su, daga TikTok sai kallo sai hira, har wani ya kawo maganar JAMB ta 2025 da sama da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan biyu suka kasa kai maki 200 cikin 400 a sakamakon farko. Har aka gama shirin ban ji muryar ɗalibi ko ɗaya ba. Ban ce duk ƙarya suka faɗa ba, zan dawo kan maganar wayar, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai abin da ba wanda ya ambata, shi ne jikin ɗalibin nan da ake so ya zauna awa shida ya ɗauki karatu, a wane hali yake zaune.

Ni dai daga asuba ranata take farawa. Ruwan famfon da ake turowa daga Dadin Kowa ba kullum yake iso layinmu ba, ranar da bai zo ba kuma ba kuɗin 'yan garuwa, ni da ƙanina ne za mu je rijiyar burtsatse mu bi layi, in dawo in yi shara in dama kunu in yi wa ƙananan wanka sannan in sa yunifom. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin keke ya fi ƙarfin gidanmu a ce kullum za a ba mutum uku, dan haka a ƙafa nake zuwa, tafiyar kamar minti arba'in, da damina in kwarin da ke tsakaninmu ya kawo ruwa sai mun zagaya ta titi. In ka iso an rufe get, ga bulala ga tsallen kwaɗo ga tsintar leda, wani lokacin har darasin farko ya wuce kana waje kana horo, darasin da saboda shi ka yi ta sauri.

Ajinmu mun haura tamanin. Malamin da ke koya mana darasin Gwamnati shi ya gaya mana cewa a tsarin ilimi na ƙasa ɗalibi 40 ne ga malami ɗaya a sakandare, to mu mun ninka. Bencin mutum uku mu biyar ne a kai, wadda take bakin benci rabin jikinta a iska yake, rubutu ma sai kin karkace kin ɗora littafin a cinya dan gwiwar hannun ta kusa da ke tana bugun biron. Kafin a fita tara ƙugu ya riƙe, ƙafa ta yi sanyi kamar ba taki ba. Rufin kwano ne, silin ɗin ya zube tun kafin mu shigo ajin, to Edita ka san Gombe a watan Maris da Afrilu, zafi yana kai digiri 40, kwanon nan yana sauko da wuta ne kai tsaye a kanmu, ga hijabi, ga numfashin mutum tamanin. Gumi na ɗiga daga haɓa ya faɗa kan takarda tawada ta baje. Ƙurajen zafi sun feso a wuya da baya, kina so ki sosa ba hali. A irin wannan lokacin ne ake shigo mana da Lissafi darasi biyu a jere, malamin shi kansa rigarsa sharkaf, yana bayani yana fifita da littafi, ka duba baya rabin aji na gyangyaɗi, sai a ce lalaci ne. Da hunturu kuma tagogin ba marufi, ƙura ta lulluɓe benci, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yatsu su ƙage biro ya ƙi riƙuwa, kowa na tari da mura.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar banɗaki, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki waya. Na san ba magana ce da aka saba ji daga bakin budurwa a jarida ba, amma kunyar faɗa ita ta sa abin ya daɗe. Makewayinmu na ɗalibai mata ramuka huɗu ne ga makaranta guda, biyu ba ƙofa, ɗaya ya cika, ba ruwa ba buta, tun daga nesa wari da ƙudaje za su mayar da ke. To me muke yi? Ba ma shan ruwa. Daga ƙarfe bakwai na safe har a tashi wajen ƙarfe biyu da yawanmu ko kurɓa ɗaya ba ma yi, ko da akwai kuɗin fiya wata a jaka, saboda in kin sha ina za ki je. In fitsari ya matse ki sai ki riƙe, ki haɗe ƙafa, malami na magana ke hankalinki na kan mararki, kina ƙirga saura minti nawa a buga ƙararrawa. Kan a tashi kai ya ɗau ciwo, maƙoshi ya bushe, ido na ganin dishi-dishi. A Bayoloji an koya mana aikin ƙoda, an ce rashin shan ruwa da yawan riƙe fitsari suna jawo cuta, mun rubuta mun haddace mun ci maki a gwaji, kuma a ranar ba mu sha ruwan ba dan ba yadda za mu yi. Ni kaina sau biyu Inna tana kai ni asibiti kan zafin fitsari, ma'aikaciyar jinyar ta ce in riƙa shan ruwa sosai kar in riƙa riƙewa, na ce to, ban iya gaya mata dalili ba. Maza su ma ba daɗi suke ji ba, bayan katanga suke zagayawa, shi ya sa ajin da ke can ƙarshe ba a iya buɗe tagarsa.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Ƙawata da muke benci ɗaya tun aji ɗaya, yarinya mai ƙoƙari wallahi, a Kemistiri ba mai kama ƙafarta, al'adarta ta zo mata ana tsakiyar darasi ba ta shirya ba. Ta matse min hannu ta raɗa min a kunne, na leƙa na ga ya ɓata mata wando har ya taɓa benci. Ana haka malam ya kira ta ta fito allo ta warware tambaya dan ya san ita ke iyawa. Ta sunkuyar da kai ba ta motsa ba. Ya sake kira, shiru. Ransa ya ɓaci ya ce raini ne, ya ce in ba za ta tashi ba ta fita masa a aji, ita kuma fitar ce ba za ta iya ba, sai hawaye kawai suke zuba a kan littafinta, mu da muka sani ba wadda ta iya buɗe baki a gaban namiji. Ban ga laifin malamin ba dan bai san abin da ake ciki ba. Haka ta zauna a wurin nan har aka tashi kowa ya watse, na ba ta dogon hijabina na Islamiyya da ke jaka, muka goge bencin da takarda da ragowar ruwan wata 'yar ajinmu, muka taka a ƙafa har gida tana tafe tana riƙe mara. Tun daga ranar in abin ya zo ba ta zuwa makaranta, kwana uku duk wata, a zango ɗaya kusan kwana tara ke nan, kuma ba ita kaɗai ba ce, in ka duba rajista za ka ga 'yan mata da yawa haka fashinsu yake tafiya wata-wata. Audugar mata ta yi tsada, wadda ta samu ma ina za ta canza, ina za ta jefar, da wane ruwa za ta wanke hannu. Akwai masu zuwa raba mana audugar a ranar 28 ga Mayu da ake ware wa tsaftar al'ada, Allah ya saka musu, amma fakiti ɗaya wata ɗaya yake yi, banɗakin kuma yana nan yadda yake.

Sai maganar ido. Ƙanina ya yi shekara biyu ana ce masa daƙiƙi, a gida ana faɗa a makaranta ana duka, littafinsa duk rubutu rabi-rabi. Wata malama ce Allah ya sa ta lura in yana kallon allo sai ya ƙanƙance ido ya miƙa wuya, ta dawo da shi gaba, ta aiko wa Baffa a kai shi a duba. Ashe yaron nan ba ya hango abin da ke nesa, shi kuma ya ɗauka kowa haka yake gani. Ranar da aka sa masa tabarau muna dawowa a keke yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, Inna tana share ƙwalla. Yanzu yana cikin goman farko a ajinsu. Ni dai ina tunanin yara nawa ne suke can bayan aji irinsa, ga allon ma ya koɗe sai mun fasa tsohon batir mun shafa baƙin kafin alli ya fito.

To yaushe muke karatun? In na dawo wajen ƙarfe uku in ci abinci in yi wanke-wanke, ƙarfe huɗu Islamiyya har kusan magariba, in dawo in taya Inna tuwo, sai bayan isha'i nake samun kaina. In akwai wuta alhamdulillahi, in babu sai tocila ko fitilar sola da hasken ke raguwa tun ba a yi nisa ba, a ɗaki zafi a waje sauro. Lokacin da aka ga hotunan ɗalibai a wasu jihohi suna rubuta jarabawar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila da waya a ranar 28 ga Mayun 2025, ƙasa gaba ɗaya ta ɗauka kowa na tausaya musu, kuma sun cancanci tausayin, sai dai ni da na gani abin da ya zo min shi ne da irin wannan hasken muke shirya wa jarabawar tun daga aji huɗu.

Da farko ni ma na bi abin da na ga manyanmu na yi, kwanan zaune. A haɗa Nescafe mai kauri ko a ci goro, a tsoma ƙafa a bokitin ruwa dan kar barci ya zo, a yi ta bin layi da ido har ƙarfe uku. Na yi haka a jarabawar zango na biyu a aji biyar, na shiga Fiziks kaina fayau kamar an share, ina ganin tambayar na san na karanta ta jiya amma ta ƙi zuwa, hannuna na rawa zuciya na bugawa. Daga baya malamar Bayoloji ta ce mana likitoci sun ce ɗan shekarunmu yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne abin da aka karanta yake zama a kai. Mu da ƙyar muke samun biyar ko shida.

Abin da ya canza min karatu daga Islamiyya na samo shi. Duk wanda ya yi hadda ya san ba a ɗaukar shafi goma rana ɗaya, kaɗan ake ɗauka a rufe Alƙur'ani a kawo da ka, in an kakare a leƙa a sake rufewa, gobe a yi tishin na jiya kafin a ƙara, ranar Laraba a bi na sati gaba ɗaya, in ka bar muraja'a kuma hadda ta gudu. Sai na ce me zai hana in yi wa boko haka. Yanzu bayan sallar asuba kafin a fara hidimar ruwa ina samun kamar rabin awa, lokacin gari da sanyi kai kuma a sake, in karanta abu ɗaya tak, in rufe littafin in rubuta abin da na tuna a bayan tsohuwar kalanda, in buɗe in ga inda na ɓata. Bayan kwana biyu in sake gwada kaina, bayan sati in sake. Yana da wahala fiye da bin layi da ido dan yana nuna miki ƙarara abin da ba ki iya ba, amma abin da ya zauna ta haka ba ya tashi.

Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya mu uku muke haɗuwa a zauren gidan su ɗaya daga cikinmu, kowa da abin da za ta koyar, kuma sharaɗinmu sai kin yi bayanin da Hausa tukun kafin ki faɗe shi da Turanci, dan mun gano da yawa muna haddace Turancin ne ba mu san me yake nufi ba. Darasin yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa, shekara guda ina rera ma'anarsa ban gane ba, sai ranar da ƙawar tawa ta yanka kokwamba ta barbaɗa gishiri ta ajiye a faranti, kafin mu gama gaisawa da mamansu ruwa ya tsattsafo ya taru, ta ce to ga shi nan. Daga nan sai mu ɗauko littafin tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da muka haɗa kuɗi muka saya, mu sa agogo mu amsa kamar a ɗakin jarabawa mu yi wa juna maki. Kiredit biyar muke nema har da Turanci da Lissafi, in babu su ba maganar jami'a, ko ta jiha da ke nan cikin gari ko ta tarayya da ke Kashere, duk mun san wannan ba sai an tuna mana ba.

Maganar waya kuma, e akwai masu kwana suna hira, akwai waɗanda ba sa buɗe littafi sun dogara da satar amsa, ina ganinsu kuma ba na kare su. Amma tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, a ajinmu kuwa akwai waɗanda ba su taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba, ɗakin kwamfutar makaranta kullum a kulle saboda ba wuta, zuwa kafe a gwada kuma sai da kuɗi. Wayar Hammana ita ce inda na fara ganin yadda tambayoyin suke fitowa da yadda lokaci ke tafiya a saman allo, yana ba ni ita awa ɗaya ranar Lahadi. Da an bi ta masu cewa a raba mu da waya kwata-kwata, da ranar jarabawar zan fara gani.

Manya ma ai sun yarda jiki yana da haƙƙi. A azumin 2025 makwabciyarmu Bauchi da jihohin Kano da Katsina da Kebbi sun rufe makarantu, aka yi ta muhawara wasu na goyon baya wasu na suka. Ni ba wannan gardamar ce a gabana ba, abin da na ɗauka a ciki shi ne an san ƙishirwa da zafi suna hana ɗaukar karatu, to ga 'yan mata nan suna wuni ba ruwa wata tara a shekara ba dan azumi ba.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a 2019 mun ga makarantun da aka gyara aka yi sabbin azuzuwa, ga kuma shirin AGILE na Bankin Duniya na karatun 'yan mata da Gombe ke ciki. Roƙona ga duk mai hannu a irin wannan aikin, da ƙungiyar iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai masu hali, in za a taɓa makaranta a fara da banɗaki mai ƙofa da sakata da ruwa a kusa da shi kafin fentin get, kuma a sa wanda zai riƙa kula da shi dan wanda aka gina ba mai wankewa wata biyu yake yi ya koma gidan jiya. A samu malama mace ɗaya da kowace yarinya ta san za ta iya zuwa wajenta ta karɓi auduga ba tare da an yi mata tambaya a gaban mutane ba. A mayar da silin, itatuwan da ake dasawa a gari a kawo dogon yaro jikin azuzuwanmu. Gwajin ido ga 'yan aji ɗaya bai wuce takardar haruffa a manna a bango yaro ya rufe ido ɗaya ya karanta ba, malami ma zai iya in an nuna masa. Shugabannin makarantu kuma dan Allah a dawo da Lissafi da Fiziks safe a watannin zafi, wannan ko sisi ba ya ci. Iyayenmu mata, na san aikin gida ya yi muku yawa, amma 'yar da ke ajin ƙarshe a ɗan ɗauke mata ɗiban ruwan safe na watannin nan da suka rage, Innarmu ta fara yi min haka satin da ya wuce kuma na ga bambanci.

Edita in da hali ka turo wakilinku, mace in an samu dan 'yan mata su iya sakin baki. Kar ta zo da safe lokacin asambuli muna layi tsaf-tsaf, ta zo ƙarfe ɗaya na rana ta zauna a bencin baya darasi ɗaya, ta tambayi yara nawa ne suka sha ruwa tun safe, sannan ta ce a nuna mata makewayi. Ƙawar tawa da muke benci ɗaya aikin jinya take son karanta, yau kwananta biyu ba ta zo ba, ni nake kwafar mata darasi, yanzu ma in na mayar wa Hamma wayarsa littafin Kemistirinta zan kai mata kafin a kira isha'i.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a sakandare, Gombe.